Drucker, Grove, Porter ko Frank Wood: wane littafin kasuwanci ya cancanci kuɗinka?

Ɗalibin da ke karantar harkokin kasuwanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da matashin da aka wayi gari an damƙa masa riƙon gidan mai ko masana'antar ruwan leda a Sakkwato, matsalarsu ɗaya ce idan aka zo sayen littafi. Kuɗin aljihu na littafi biyu ne ko uku, sunayen da ake ambata musu kuwa sun fi hamsin, kuma kowanne ana cewa shi ne wanda ba a rabuwa da shi. Littattafan nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu na cin jarabawa ne, wasu na ranar da ka zauna kan kujerar manaja, wasu kuma daɗin karatu ne kawai da ɗaga zuciya. Wanda ya sayi na uku yana zaton na biyu ne ya yi asarar kuɗi da makonni.

Ma'aunin da aka ɗora su a kai

Na farko, kuma mafi nauyi: littafin yana koya maka wata hanya da za ka iya gwadawa a shago ko ofis cikin mako guda, ko kuwa labarin waɗanda suka yi arziki yake ba ka? Hanya ana iya gwada ta a gani ko ta yi aiki. Labarin nasara ba a iya gwada shi, domin waɗanda suka bi turba iri ɗaya suka karye ba su rubuta nasu littafin ba.

Na biyu farashi. Littattafan nan kusan duk daga waje ake shigo da su, don haka kuɗinsu yana bin dala, kuma abin da aka faɗa maka a watan jiya ba lallai ya tsaya ba. Shi ya sa a nan za a yi maganar araha, matsakaici da tsada, ba adadin naira ba.

Na uku ƙarko, kuma iri biyu ne. Akwai ƙarkon ilimin da ke ciki, wato ko zai ci gaba da amfani bayan shekara 10. Akwai kuma ƙarkon takardar kanta, wanda a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 ba ƙaramin zance ba ne.

Na huɗu sauƙin Turancin. Na biyar haɗari: wurin da littafin zai ɓatar da kai idan ka ɗauki abin da aka rubuta don Amurka ka kifa shi yadda yake a kan Babbar Kasuwar Sakkwato.

Lissafin kuɗi: Frank Wood ko Financial Intelligence

Da wannan aka fara domin a nan ne yawancin sababbin manajoji ke faɗuwa. Ga misali, alƙaluman na kwatance ne kawai. A ce mai shagon siminti ya sari buhu 500 a kan naira 9,000 kowanne, ya biya 4,500,000 lakadan. A cikin wata ya sayar da buhu 400 a kan 10,000. A takarda ya ci ribar 400,000. Amma buhu 250 daga ciki 'yan kwangila suka ɗiba bashi, sai an biya su za su biya. Abin da ya shigo hannunsa 1,500,000 ne kacal. Kenan aljihunsa ya ragu da miliyan 3 a watan da littafi ya ce ya ci riba, kuma idan tirela ta gaba ta iso ba shi da abin sauke ta. Manajan da bai iya bambance riba da kuɗin hannu ba, duk wani littafin shugabanci da ya karanta ado ne.

Business Accounting na Frank Wood, wanda Alan Sangster ya ci gaba da sabuntawa, juzu'i biyu ne, kuma na farkon shi ne abin da ɗalibi ke buƙata. Yana kama hannunka tun daga yadda ake shigar da kowace ma'amala a wuri biyu, zuwa littafin kuɗin hannu, daidaita lissafinka da na banki, rage darajar kadara shekara-shekara, har zuwa fitar da lissafin ƙarshen shekara. Ƙarfinsa yana cikin atisayen da ke bayan kowane babi. Wanda ya karanta shi kamar labari bai ɗauki biro ba, bai karanta shi ba. Turancinsa a miƙe yake, amma littafin yana da kauri kuma sabon bugu yana da tsada. Haɗarinsa yana wajen tsohon bugu: Najeriya ta fara komawa ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS daga 2012, kuma bugun da aka yi kafin littafin ya koma kan IFRS yana amfani da tsofaffin sunaye da tsohon tsarin jera lissafi. Asalin ilimin bai sauya ba, amma mai duba takardar jarabawa sababbin sunaye yake nema.

Financial Intelligence na Karen Berman da Joe Knight, wanda ya fito a 2006 aka sabunta shi a 2013, an rubuta shi ne don manajan da ba akanta ba. Ba zai koya maka rubuta lissafi ba, zai koya maka karanta wanda akanta ya ajiye a gabanka, da sanin tambayar da za ka yi masa. Abin da ya fi kyau a cikinsa shi ne nuna cewa alƙaluma da yawa ƙiyasi ne. Idan aka ce motar kamfani za ta yi shekara 5 maimakon 3, ribar bana ta ƙaru ba tare da an sayar da ko tsinke ba. Yana kuma koya maka ƙirga kwanakin da bashinka ke yi a hannun mutane kafin ya dawo. Babukansa gajeru ne, Turancinsa mai sauƙi, kuɗinsa matsakaici. Sai dai a kan dokokin lissafin Amurka aka gina shi, kuma akwai abubuwan da suka halatta can, kamar hanyar ƙirga kayan sito da ake kira LIFO, waɗanda IFRS ta hana. Maganar haraji kuwa, kada ka ɗauke ta daga kowane littafin waje.

Tafiyar da aiki da mutane: Grove, Goldratt da Drucker

High Output Management na Andrew Grove ya fito a 1983. Grove ɗan asalin Hangare ne da ya shugabanci kamfanin Intel, kuma littafin ya fi duk sauran kama da abin da ƙwararren maigida zai zaunar da kai ya faɗa maka. Ya buɗe da haɗa karin kumallo: dafaffen ƙwai na minti 3, gasasshen biredi da kofi, duk su isa gaban mai ci lokaci ɗaya da zafinsu. Tunda ƙwan ne ya fi ɗaukar lokaci, da shi ake auna sauran, a lissafo da baya. Duk wanda ya taɓa zama a teburin ƙwararren mai shayi ya ga wannan da idonsa. Ka ce indomi da ƙwai da shayi, sai ka ga ya ɗora ruwan indomi tukuna, ya fasa ƙwai yana kaɗawa da albasa kafin ruwan ya tafasa, ya yanka biredi, shayin kuma sai a ƙarshe yake sheƙa shi tsakanin kofi biyu don kada ya huce. Wanda bai ƙware ba shayin zai fara miƙo maka, kafin indomi ya nuna ya zama ruwan sanyi.

Daga nan Grove ya shiga ainihin aikin manaja. A wurinsa, sakamakon manaja shi ne sakamakon mutanen da ke ƙarƙashinsa, ba yawan zirga-zirgarsa ba. Ya ba da shawarar ganawa ta mutum biyu tsakanin shugaba da kowane ma'aikaci, ta kai awa guda, kuma ma'aikacin ne zai zo da abin da za a tattauna. Sabon hannu a gana da shi kowane mako, wanda ya goge a sassauta. Ya ce mutum 6 zuwa 8 ne manaja zai iya kula da su yadda ya kamata. Waɗannan duk abubuwa ne da ake iya farawa ranar Litinin. Inda za a yi hattara shi ne al'adar kamfanin da ya fito, inda ƙaramin injiniya ke iya musu da shugaba a bainar jama'a. A nan yaron da ke gaishe ka a durƙushe ba zai buɗe baki ya ce tsarinka ba ya aiki ba, ko da kun keɓe. Ganawar farko da ta biyu "ba komai, ranka ya daɗe" za ka ji. Sai ka riƙa tambaya a kan aiki ƙwaya ɗaya, kamar me ya sa motar Illela ta makara ranar Lahadi, kafin magana ta fara fitowa. Misalan littafin na masana'antar kayan lantarki ne, wasu sun tsufa, amma tsarin bai tsufa ba.

The Goal na Eliyahu Goldratt da Jeff Cox, 1984, ƙagaggen labari ne na wani manajan masana'anta da aka ba wata 3 ya gyara ko a rufe. Darasinsa ɗaya ne, amma ya isa kuɗin littafin: kowane aiki mai matakai yana da maƙura guda, kuma abin da maƙurar ta iya wucewa da shi shi ne abin da masana'antar gaba ɗaya ke fitarwa. Ɗauki ƙaramar masana'antar shinkafa irin waɗanda ke sayen shanshera daga fadamun Wurno da Goronyo. A ce tukwanen gumi suna iya turara buhu 60 a rana, filin shanya yana ɗaukar 25, injin casa yana iya cin 80. Mai wurin ya ga jama'a na jiran kaya, sai ya ci bashi ya ƙaro injin casa na biyu. Abin da ke fita ƙofa har yanzu buhu 25 ne, ga kuma bashi. Da ya faɗaɗa daɓen shanya, ko ya tabbatar ba a bar shi fanko ko na awa ɗaya ba, da kuɗi kaɗan ya ninka abin da yake fitarwa. Goldratt ya jera matakai 5: gano maƙurar, tatse duk abin da za ta iya, sa sauran matakai su bi saurinta, faɗaɗa ta, sannan a koma farko domin maƙurar takan yi ƙaura. Da damina tana wajen shanya, da rani wataƙila ta koma wajen man dizal.

Shi ne mafi sauƙin karantawa a duk jerin nan, duk da ya haura shafi 300, kuma akwai rigimar manajan da matarsa da za ka iya tsallakewa ba ka rasa komai ba. Haɗarinsa a fili yake. Littafin yana ƙyamar tara kaya a sito, wanda daidai ne a inda mai kawo kaya ke isowa ranar da ya yi alkawari. Mai masana'antar shinkafa da ya ƙi cika sito da kaka, lokacin da shanshera ke araha, zai saye ta da tsada a tsakiyar damina ko ya rasa ta ɗungum. A ɗauki darasin maƙura, a auna na sito da yanayin hanya da na kaka.

The Effective Executive na Peter Drucker, 1967, bai wuce shafi 200 da 'yan kai ba. Shi a kan yadda manaja zai tafiyar da kansa yake. Mafi amfani a ciki shi ne babin lokaci: ka rubuta abin da kake yi da kowace awa har mako 3 ko 4, a lokacin da kake yinsa ba daga baya ba, sannan ka bi jerin kana tambaya, wanne ne idan an bar shi ba abin da zai faru, wanne wani zai iya yi, wanne ne kai kake ɓata wa wasu lokaci da shi. Turancinsa na dattawa ne, jimloli dogaye, misalansa daga yaƙin duniya na biyu da manyan kamfanonin Amurka na da. Ilimin kuwa ya fi shekara 50 bai yi tsami ba. Abu ɗaya kawai: wanda ya bi shawarar datse lokaci ido rufe zai sa ta'aziyya da ɗaurin aure da zuwa gaishe da dattijon da ke ba shi kaya bashi a layin ɓata lokaci. A Sakkwato waɗannan suna cikin jarin ɗan kasuwa. Abin datsewa shi ne taron ofis na awa 3 da ba a yanke komai ba.

Dabarun gasa da talla: Porter, Rumelt, Kotler

Competitive Strategy na Michael Porter na Jami'ar Harvard, 1980, shi ne tushen abin da ake tambaya a jarabawa game da ƙarfafa 5 da ke matse ribar kowace sana'a. Gwada su a kan ruwan leda sai ka ga amfaninsu. Shiga sana'ar ba wuya, rijiyar burtsatse ce da inji da lambar NAFDAC. Mai saye ba ruwansa da suna, wanda ya fi sanyi da araha zai ɗauka. Masu sayar maka da leda da man dizal su ke yanka farashi, ba kai ba. Akwai madadi, kuma masu yi sun yi yawa. Duk biyar ɗin suna matse ka, shi ya sa ake aiki ba dare ba rana riba ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai littafin yana da nauyi ƙwarai, kusan shafi 400 na Turancin malaman tattalin arziki. Babi na 1 da na 2 su ne abin da yawancin mutane ke buƙata, kuma waɗannan ana iya zama a Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nemi littafin, ko wani littafin darasi da ya taƙaita su, a karanta. Bai kamata ya zama sayen farko ba sai ga mai rubuta kundin digiri na biyu.

Good Strategy Bad Strategy na Richard Rumelt, 2011, ya fi shi amfani ga mai aiki. Ya ce dabara ta gaskiya sassa 3 gare ta: gane ainihin ciwon, zaɓar hanyar tunkararsa, da ayyuka masu haɗe da juna. "Za mu zama na ɗaya a Arewa maso Yamma" buri ne, ba dabara ba. Duk wanda za a sa ya rubuta tsarin shekara na ma'aikata ko ƙungiya ya karanta rabin farko.

Marketing Management na Philip Kotler ya fara fitowa a 1967, kuma yanzu da Kevin Lane Keller ake sabunta shi. Littafin aji ne, ɗaruruwan shafuka masu launi, shi ya fi kowanne tsada. Ɗalibin digiri na farko ya fi dacewa da ƙanensa, Principles of Marketing na Kotler da Gary Armstrong. Bugun da ya gabaci na yanzu da ɗaya ko biyu ya wadatar, bambancin yawanci a misalai ne da babin tallan intanet. Ba za ka sami dillali a ciki ba, ko la'ada, ko ranar kasuwar Achida, ko tallan rediyo da Hausa, alhali da su ake sayar da kaya a nan.

Ƙananan littattafai biyu masu aiki takamaimai

The E-Myth Revisited na Michael Gerber, 1995, na mai sana'ar hannu ne da ya buɗe wurin kansa: tela, mai gidan biredi, badukun da ya fara samun odar jakunkuna daga Abuja. Hujjarsa ita ce iya aiki daban, iya tafiyar da kasuwancin aikin daban. Maganinsa shi ne a rubuta yadda ake yin komai, ta yadda idan maigida ya tafi aikin Hajji wurin ba zai tsaya ba. Yana maimaita kansa sosai, ana iya tsintar abin da ke ciki a sulusin shafukansa.

Getting to Yes na Roger Fisher da William Ury, 1981, a kan sasantawa ne. Basakkwacen da ya tashi a kasuwa ba ya buƙatar a koya masa tayi da "albarka". Abin da littafin ya ƙara shi ne cewa ƙarfinka a ciniki yana cikin abin da za ka yi idan cinikin ya watse. Manomin albasar da ke da rudun ajiya zai iya ce wa dillali a'a da kaka, ya jira farashi ya tashi. Wanda albasarsa ke zube a rana, dole ya sallama. Wajen neman ƙarin albashi, kwangila ko zama da ƙungiyar ma'aikata, wannan tunani yana biyan kuɗin littafin.

Waɗanda suka fi yawa a gefen titi

Good to Great na Jim Collins, 2001, ya zaɓi kamfanoni 11 da ya ce sun tashi daga nagari zuwa gagarabadau, ya tsamo halayen da suka haɗa su. Yana da daɗi, kuma shawarar a fara samun mutanen kirki kafin a yanke inda za a dosa ba laifi. Amma a 2008 ɗaya daga cikin goma sha ɗayan, Circuit City, ya shigar da takardar karyewa, wani kuma, Fannie Mae, gwamnatin Amurka ta karɓe ragamarsa. Zaɓo waɗanda suka riga suka yi nasara a nemo dalili daga baya ba ya tabbatar da dalilin. A are shi, kada a saya.

Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki, 1997, ba littafin gudanarwa ba ne sam. Ya sa matasa da yawa sun fara tunanin bambancin kadara da abin da ke cin kuɗi, wannan alheri ne. Amma zuciyar shawararsa ita ce cin bashi a sayi gidajen haya, a ƙasar da kuɗin ruwa bai kai namu ba. A nan ruwan bashin banki ya haura kashi 20 cikin ɗari a 'yan shekarun nan, ga kuma hukuncin addini a kan kuɗin ruwan kansa.

| Littafi | Shekara | Farashi | Turanci | Ƙarkon ilimi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Frank Wood, juzu'i na 1 | ana sabuntawa | tsada | matsakaici | sosai | tsohon bugu kafin IFRS |
| Financial Intelligence | 2006, 2013 | matsakaici | mai sauƙi | sosai | dokokin Amurka |
| High Output Management | 1983 | matsakaici | matsakaici | sosai | al'adar musu da shugaba |
| The Goal | 1984 | matsakaici | mafi sauƙi | sosai | ƙin tara kaya a sito |
| The Effective Executive | 1967 | araha | mai ɗan nauyi | sosai | datse zumunci |
| Competitive Strategy | 1980 | tsada | mai nauyi | babi 2 na farko | a saya a kasa gamawa |
| Good Strategy Bad Strategy | 2011 | matsakaici | matsakaici | sosai | misalan manyan kamfanoni |
| Kotler | tun 1967 | mafi tsada | matsakaici | misalai na tsufa | babu kasuwarmu a ciki |
| The E-Myth Revisited | 1995 | araha | mai sauƙi | daidai gwargwado | maimaici |
| Getting to Yes | 1981 | araha | mai sauƙi | sosai | zaton kowa na son adalci |
| Good to Great | 2001 | araha | mai sauƙi | rauni | dalili daga baya |

Giɓin da duk suka bari

Babu ɗaya a cikinsu da ya san amana irin tamu, inda ake loda tirelar albasa ko shanu zuwa kudu a kan magana ta waya. Mai son fahimtar wannan a rubuce, musamman mai neman abin rubuta kundi, ya nemi Custom and Politics in Urban Africa na Abner Cohen, 1969, wanda ya bi yadda masu masauki a Sabon Ibadan ke tsaya wa bashin shanu tsakanin fatake da mahauta. Akwai Caravans of Kola na Paul Lovejoy, 1980, a kan fataucin goro na Hausawa, da The Advance of African Capital na Tom Forrest, 1994, a kan tasowar 'yan kasuwar Najeriya har da na Kano. Waɗannan na laburare ne, da wuya a same su a shago.

Ta ɓangaren shari'a, babin ciniki na Risala yana hannun malaman zaure a kowace shiyya, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen neman abin kai mai suna Tanbihus Sahib. Mai son aiki a bankin da ba ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, An Introduction to Islamic Finance na Mufti Taqi Usmani ya bayyana hanyoyin mu'amalar kuɗi na Musulunci, wato murabaha, mudaraba, musharaka da ijara, dalla-dalla. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 da dokokin haraji kuwa, daga littattafan ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, na shekarar da ake ciki za a karanta su, domin suna sauyawa.

Wane bugu za ka saya

Littafi ɗaya yana zuwa a siffa huɗu. Na asali yakan zo ne ta oda daga shagunan Abuja da Legas irin su Rovingheights, ko ta Jumia da Konga, sai ka ƙara kuɗin aikowa. Na hannu, daga ɗaliban da suka gama, shi ya fi dacewa da Frank Wood da Kotler, kuma ƙarshen zango ne lokacin samunsa da sauƙi. Na gefen titi, wanda aka kwafa ba izini, banda haƙƙin marubuci da ke kansa, yana da cuta uku da ake ganewa a tsaye: buɗe tsakiya ka ja a hankali, idan gam ne kawai ba ɗinki, zafin bazara ɗaya zai sa shafuka su fara zubewa. Bi lambobin shafi, domin akan tsallake damin shafi 16 ko a maimaita shi. Duba jadawali da zane, a nan tawada ke dusashewa, kuma littafin lissafin da ba a iya bambance 3 da 8 a cikinsa ba shi da amfani. Na huɗu shi ne na waya. Drucker da The Goal suna karantuwa a waya, jadawalin lissafi kuwa ba ya karantuwa. Akwai kuma na halal kyauta: Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana sakin littattafan darussanta a intanet, shafin intanet na OpenStax ma yana da Principles of Management ba ko sisi. Kowanne ka mallaka, kada a bar shi a gaban mota cikin rana, kada kuma a jingina shi da bangon ƙasa inda gara ke bi.

Wa ya ɗauki wanne

Ɗalibin aji ɗaya ko biyu, a jami'a ko poli: Frank Wood juzu'i na 1, na hannu, bugun bayan 2012, sai littafin da malamin kwas ya ambata. Darussan gudanarwa a sauke na kyauta. Idan canji ya rage, The Goal don hutu.

Ɗalibin ajin ƙarshe ko mai digiri na biyu a kasuwanci: Rumelt a saya, Porter da Kotler a karanta a laburare ko a haɗa kuɗi mutum 3 a sayi ɗaya. Wanda kundinsa ya shafi kasuwannin gida ya ƙara da Cohen ko Lovejoy.

Wanda aka naɗa manaja yau, yana da mutane a ƙarƙashinsa: Grove da farko, Financial Intelligence na biyu. Drucker ya jira sai bayan wata 6, lokacin da ka fara jin yini ba ya isarka.

Mai kula da masana'anta, sito, gidan biredi ko ɗakin shan magani mai dogon layi: The Goal, sannan Grove.

Magajin da zai karɓi shagon mahaifinsa, ko mai sana'ar da ya fara ɗaukar yara: Financial Intelligence da Gerber, tare da zama gaban malami a kan babin ciniki. Ma'aikacin gwamnati da ya kai matakin darakta: Drucker da Rumelt, da Getting to Yes idan aikinsa ya haɗa da 'yan kwangila ko ƙungiyar ƙwadago.

Wanda kuɗinsa na littafi ɗaya ne tak: idan bai iya karanta lissafin riba da asara ba, Financial Intelligence. Idan ya iya, High Output Management.